Taku Uku Daga Turmi Zuwa Randa

Wata Laraba ce bayan la'asar. Ina zaune a kan tabarma ina tsintar shinkafa, surukata tana hura wuta a madafa, jikana kuma yana tsaye riƙe da bakin turmi kamar yadda ya saba kusan wata biyu. Ɗaga kan da zan yi sai na ga ya saki turmin, ya ware hannuwa kamar mai auna yadi, ya ɗaga ƙafa ya dire, ya ƙara, ya sake ƙarawa, sannan ya zauna daɓas a gindin randa. Ya kalle ni, na kalle shi. Na ajiye faifai na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko haihuwa aka yi. A ranar watansa 15 da 'yan kwanaki.

Sunan marigayi maigidana aka sa masa, don haka ba mai kama sunan a gidanmu, Abba muke ce masa. Kuma guɗar nan da na yi tana da dalili, domin mun daɗe muna shan magana a kan ƙafafun yaron nan. 'Yar maƙwabtanmu, wadda ya girme ta da mako uku, tun tana wata 10 take yawo a tsakar gida. Duk macen da ta shigo sai ta bar mana tata fatawar. Wannan ta ce nauyin ƙafa gare shi, waccan ta ce goyo ne ya yi yawa. Akwai wadda ta ja ni gefe ta ce in bincika, ko uwar ta yi kwanika ne nonon ya lalace. Wani dare na iske surukata a ɗaki tana matsa masa gwiwoyi tana hawaye. Ta ce, "Inna, ko dai wani abu ne ya same shi?" Na ce, "Share hawayenki, 'yata. Yaron da ke tsayuwa da turmi yana bin bango, ƙafarsa lafiya lau."

Ba lallashi kawai na yi mata ba. Na haifi bakwai, na kuma yi shekara 30 ina koyarwa a makarantun firamare, daga nan cikin Yelwan Yauri har ƙauyukan Shanga, ban taɓa ganin yara biyu da suka tashi da agogo ɗaya ba. Masana ma abin da suka gano ke nan. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da ta yi a kan yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar: Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. An bi su tun suna jarirai ana rubuta ranar da kowanne ya fara zama, rarrafe, tsayuwa da tafiya. Zama ba tare da an tokare yaro ba ya kama daga wajen wata 4 zuwa wata 9. Rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tafiya kuwa, wasu sun fara tun suna wata 8, wasu sai da suka kusa wata 18, kuma dukkansu lafiyayyu ne. Har an samu kusan huɗu a cikin kowane ɗari da ba su yi rarrafe da gwiwa ba sam, da gindi suka ja ko da ciki, daga nan suka miƙe. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi, to ashe akwai masu tsallake wannan aji.

Tafiya ita ce kowa ke gani, ita ake yi wa guɗa. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina a wajen Abba ƙananan abubuwa ne da ba a shelarsu. Ranar da ya tsinci ƙwayar wake da yatsa biyu, babba da manuni, maimakon ya damƙa da tafin hannu. Ranar da ya fara ƙiwa, ya ga baffansa da ya dawo daga Birnin Kebbi ya fashe da kuka ya maƙale mini. Mutane na ganin ƙiwa kamar aibi, alhali alama ce yaro ya fara bambance nasa da baƙo. Sai kuma ranar da na goya shi muka bi ta bakin ruwa, ya ga kwale-kwale ya taho da buhunan albasa, ya miƙa yatsa yana nuna shi, sannan ya leƙo fuskata ya ga ko ni ma na gani. Wannan leƙen da ya yi shi ne tushen magana. Yaro ya gane cewa abin da ke ransa zai iya saka shi a ran wani.

A nan ne nake da magana da al'adarmu, kuma da ƙauna nake faɗa. Abba ɗan fari ne, uwarsa kuwa yarinya ce mai tarbiyya, tana yi masa alkunya yadda aka koya mata. Ba ta yi masa wasa a gabana, ba ta amsa gwarancinsa in da mutane. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma harshe a kunne yake shiga kafin ya fito a baki, kuma yaron da ba a yi wa magana ba shi da abin da zai mayar. Na zaunar da ita na ce, "Ni na ɗauke miki wannan kunyar. In kina yi masa wanka faɗa masa ga ruwa, ga soso, ga ƙafa. In ya ce ba-ba, ki amsa masa kamar ya faɗi magana mai ma'ana." Ita Bagunga ce, iyayenta na cikin waɗanda aka tayar daga tsibirai lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci garuruwansu. Tana tsoron in ta yi masa Gunganci zai rikice ya yi nauyin baki. Na ce ta yi masa. Harshe biyu ba ya hana yaro magana, kuma mu nan Yauri shaida ne, inda yaro kan tashi da Kambarci ko Dukanci a ɗaki, Hausa a waje. Kalmarsa ta farko da kowa ya yarda kalma ce ita ce "uwa", wato ruwa. Yanzu da ya doshi shekara biyu yana haɗa biyu: "Kaka zo", "ba ni kifi".

Waya ce kawai na hana. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Waya na yi wa yaro surutu, amma ba ta jiran amsarsa.

Ƙafa da baki duka daga ciki suke samun ƙarfi. Abin da ke ba ni takaici shi ne a garin da ake loda kifi a mota ana kai wa wasu jihohi, sai ka ga yaro ya yini a kan koko tsararo. Tun Abba na wata 6 muke daka busasshen kifin warangi mu tankaɗe mu zuba masa a kunun gyaɗa, wata rana ƙwai, wata rana wake da ɗan manja da zogale, nono kuma bai fasa ba. Katinsa na asibiti yana cikin kwallata. Kebbi da Bayelsa ne jihohin da aka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watan Disamba na 2024, allura huɗu, ta ƙarshe a wata 15, lokacin da ake yin ta ƙyanda ta biyu. Duka an yi masa. Kuma don Allah a daina ɗora wa haƙori laifin kowace gudawa da zazzaɓi. Fitar haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma jiki ya yi zafi rau ko gudawa ta ƙi tsayawa, wannan ciwo ne, asibiti ake kai shi.

Haƙurin da nake cewa a yi da yaro yana da iyaka. Na taɓa samun wata yarinya a aji ɗaya da kowa ke kira mai taurin kai, ashe kunne ne ba ya ji sosai tun wani ciwo da ta yi tana ƙarama, shekaru suka wuce ba wanda ya lura. Har yau tana raina. In yaro ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya cika wata 18 bai taka ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, ko ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, a kai shi ma'aikatan lafiya su duba. Wanda ya fi gaggawa shi ne yaron da ya iya abu sannan ya daina.

Ban manta inda takun Abba na farko ya ƙare ba: gindin randa. A daren ranar na sa babansa ya gyara murfin rijiya ya sa masa kwaɗo, muka koma kife bokiti da baho da zarar an gama aiki, aka kange murhu. A duniya 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu na cikin waɗanda ruwa ya fi ci, kuma ba sai kogi ba, ruwan da bai kai tsawon hannu ba a bokiti ya isa, cikin shiru, ba ko ihu. Mu da muke kwana muna tashi da ruwa a Yelwa da Warra da sauran garuruwan gaɓa, kada mu bar ɗan tatata a hannun yayarsa 'yar shekara shida mu ce ai tana kallonsa. Ranar da kuka yi wa yaronku guɗar fara tafiya, kafin ku kwanta ku zagaya gidan ku rufe duk wani abin da ke da ruwa.