Tsuntsun Da Ake Ɗauka Zalaiɗu Ne A Kurmin Jalingo

Duk wanda ya bi gaɓar kogin Lamurde a Jalingo da damina, inda itatuwa suka yi duhuwa, yakan ga wani ɗan tsuntsu ya gilma yana jan wutsiya kamar zare. Galibin mutane sai su ce zalaiɗu ne, su wuce. To, ba shi ba ne. Wannan shi ne maciyin ƙuda mai dogon bindi, wanda masana suke kira Terpsiphone viridis.

Wutsiyar ce take ruɗin mutane, don haka mai son tantancewa sai ya bar ta, ya dubi baki. Na zalaiɗun da aka saba gani ja ne, gajere mai kauri, irin na masu fasa tsaba. Na wannan kuwa shuɗi ne mai faɗi, haka kuma kewayen idonsa, sai ka ce kwalli aka zizara masa. Kansa baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, bayansa ja kamar jar ƙasa, cikinsa toka-toka. Jikinsa bai fi inci 7 ba, amma gashin wutsiyar namiji yakan ninka tsawonsa. Macen ba ta da wannan ado. Akwai kuma mazan da bayansu da wutsiyarsu fari ne fat, har a zaci wani iri ne dabam, alhali kuwa duk ɗaya ne.

Cin abincinsu ma ya raba su. Zalaiɗu a fili yake kiwo, yana tsattsagar tsabar ciyawa a ƙasa. Shi kuwa wannan a inuwa yake zama bisa reshe, in ƙwaro ya gifta sai ya zabura ya cafke shi a iska, ya komo. Sheƙarsa 'yar mitsitsiya ce kamar finjali, a tsakanin rassa biyu, ɗaure da yanar gizo, mai ƙwai 2 ko 3.

Yana da ɗan'uwa mai jan ciki a manyan kurmi, irin na gandun Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, shekarar da Jalingo ta zama hedkwatar Jihar Taraba.

Sai dai tsuntsun inuwa ne. Saran madobiya da aka yi a Taraba wajen 2015, da ƙonon gawayi, sun rage duhuwa a wurare da dama, kuma inda aka share itatuwan bakin rafi, zalaiɗun ne ake gani a kan ciyawa, shi kuwa ba ya zama.