Daidaita Dabarun Bincike domin Nazarin Kula da Tsofaffi: Misali daga Unguwar Sabo, Ibadan

1.0 Gabatarwa

Dabarun nazarin kula da tsofaffi ta hanyar hira da lura, maimakon ƙididdiga, sun bunƙasa ne a gidajen kula da tsofaffi na Turai da Amurka. Misali, Jaber Gubrium ya daɗe yana lura da rayuwa a irin wannan gida a Amurka kafin ya wallafa littafinsa a 1975. A can akwai shugaba mai ba da izini, da rajistar mazauna, da ma'aikatan jinya. Wannan maƙala za ta nuna gyaran da dabarun ke buƙata a Sabo, inda tsarin ya bambanta.

2.0 Yanayin Sabo

An kafa wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar daga 1962 zuwa 1963, ya bayyana yadda masu gida ke saukar da fataken shanu da goro, suna kuma riƙe da mutane a ƙarƙashinsu. Ko da yake Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi a 2012, ɗawainiyar ciyarwa da wanka da jinya a wuyan iyali take. Saboda haka, gida shi ne fagen nazari.

3.0 Gyare-gyare

Na farko, izini yana bin matakai: fadar Sarkin Sabo, sannan mai gida, sannan tsohon kansa, kuma amincewarsa da baki, ko a rubutun ajami, ita ce ta ƙarshe.

Na biyu, namiji ya tsaya a zaure. Mace ce za ta shiga wurin mata, waɗanda galibi su ke jinyar.

Na uku, kunya da kawaici kan hana tsoho kuka da 'ya'yansa. Idan aka tambaye shi ko ana kula da shi, godiya ga Allah zai yi. Gara a nemi tarihin rayuwarsa, a kuma lura da wanda ke kawo tuwo da wanda ke sayen magani.

Na huɗu, a nemi tsoffin 'yan ci-rani waɗanda danginsu ke Arewa, ta hannun limamai. Binciken da ya tsaya ga iyali kaɗai zai tsallake su, alhali sun fi kowa buƙata.

4.0 Kammalawa

Ya kamata manhajar Hausa ta manyan makarantu ta horar da ɗalibai kan ladubban gaida manya da fahimtar zancen da ke cikin shiru, domin da su ake samun sahihin bayani.