3.4 Aikin Ƙwaƙwalwa Wajen Fahimtar Mutane: Mai Taɓin Hankali da Danginsa

A Aujara ta ƙaramar hukumar Jahun, kamar sauran ƙasar Hausa, akan binciki asalin gida kafin a ba da aure, kuma da yawa kan janye da zarar an ce akwai hauka a zuriyar. Wannan sashe zai dubi matsayin ilimin likitanci kan wannan tsoro.

Nau'in taɓin hankalin da Eugen Bleuler ya raɗa wa suna sikizofireniya a 1908 yakan raunana basirar zama da jama'a, wato gane fushi ko fara'a a fuska da hasashen nufin abokin magana. Hotunan na'urar MRI sun nuna cewa sassan da ke wannan aiki, musamman gaban ƙwaƙwalwa ta wajen goshi da wani ɗan curi mai suna amigidala, suna aiki daban da na masu lafiya. An kuma ga ɓurɓushin wannan bambanci a wasu iyaye da 'yan'uwan majiyyata, alhali lafiyarsu ƙalau.

Sai dai gadon alama daban, kamuwa da cuta daban. Alƙaluman da Irving Gottesman ya tattara a 1991 sun nuna cewa kusan 9 cikin 100 ne na 'yan'uwan majiyyaci ke kamuwa, tagwaye masu kama ɗaya kuwa kusan 48 cikin 100. Ke nan mafi yawan dangi ba za su kamu ba. Don haka kai majiyyaci asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure da wuri ya fi ƙyamar zuriyarsa amfani.