Ba Kowane Tsiro Mai Ajiye Ruwa Ne Ke Son Rana Ba

Mutane da yawa sun ɗauka duk tsiron da ganyensa ke da kauri da ruwa-ruwa ɗan rana ne. Suna da hujja, domin harshen saniya da ke shimfiɗuwa a gonakinmu fili yake so. Sai dai wannan zato ya sa masu shirya lambun duwatsu kan bar gindin bishiya da bayan katanga ba shuka, alhali akwai irin da wurin ya dace da shi. Sedum ternatum, ɗan asalin gabashin Amurka, musamman tsaunukan Afalashiya, ya isa misali. Sunansa ya fito a littafin masanin tsirrai Bafaranshe André Michaux da aka buga a 1803. A daji yake tsirowa, kan duwatsu masu gansakuka da gaɓar rafuka. Tsayinsa bai cika wuce santimita 15 ba, ganyensa uku-uku suke kewaye kara, kuma yana fitar da fararen furanni a Afrilu da Mayu.

To me tsiron inuwa zai yi da ajiyar ruwa? Ƙasar da ke kan dutse ba ta da zurfi, da an kwana biyu ba ruwan sama ta bushe, ko rana ba ta taɓa ta ba, ga saiwoyin bishiyoyi na shanye ɗan abin da ya rage. Ganye mai kauri maganin wannan ƙishi ne. Karan Sedum ternatum kuwa rarrafe yake yi, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, ta haka yake cike tsagar duwatsu ya riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Guntun kara ɗaya da aka dasa ya isa iri.

Wasu za su ce irin waɗannan tsirrai ruɓewa suke yi a inuwa. Gaskiya ne suna ruɓewa, amma ruwan da ya kwanta a gindinsu ne ke jawo haka. In aka gauraya tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye, aka dasa a gangare, aka riƙa kwashe busassun ganyen da ke binne su, matsalar ta kau. Wasu kuma su ce ciyawa ta fi saurin rufe ƙasa, amma ita ramewa take yi a inuwa, ga wahalar yanka tsakanin duwatsu. Sedum ternatum ma yana da iyakarsa: ba ya jure taku, inuwa mai duhu tana rage masa fure, kuma ya saba da hunturu mai tsanani, don haka zafin Sakkwato ko Damagaram ba nasa ba ne. Mai lambu, a ko'ina yake, ya fara binciken inda tsiro ke fitowa a daji kafin ya zaɓa masa gurbi, domin kaurin ganye kaɗai bai isa ya nuna ko rana yake so ko inuwa ba.