Windows 10 Ya Tsufa, Ina Mafita?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10. Malamin makaranta a Kanya ko ma'aikaci a Zuru da ya sayi kwamfutar gwanjo, wannan batu nasa ne, domin da yawa daga cikin irin waɗannan injuna ba su da guntun TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata.

Abin takaici, wasu masu gyara sukan ɗora masa Windows na sata, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka cusa a cikinsa, shi kuma ya jona wayarsa mai ɗauke da manhajar banki. Alhali kuwa Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, kuma tsohon inji na ɗaukarsu lafiya lau. Sai dai wanda ya saba da Word zai ɗan sha fama da LibreOffice kafin hannunsa ya faɗa.