Ruwa Garau Ba Shaida Ba Ne: Faɗakarwa Ga Masu Kiwon Jatan Lande

Malaman fiƙihu sun koya mana a duba ruwa ta fuska uku, wato launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma wannan hukunci ya wadatar ga mai neman alwala; amma wanda ya ajiye ƙananan jatan lande a akwatin gilashi cikin ɗakinsa, irin jajayen nan masu asali daga Taiwan waɗanda tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba, lalle ya sani ruwa kan zama garau, ba wari ba gurɓata, alhali kuwa ajalin dabbobinsa yana narke a ciki.

Sunan wannan guba amoniya, kuma tana fitowa ne daga kashinsu, da ragowar abincin da ya ruɓe, da mushen da ya maƙale bayan dutse ba a lura ba. Cikin hikimar Ubangiji, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masani Sergei Winogradsky ya bayyana aikinsu wajen 1890, suna zaune a soson matatar ruwa da kan tsakuwa, suna mayar da amoniya nitirait, wanda shi ma guba ne, sa'an nan su mayar da shi nitireit, mai sauƙin cutarwa, wanda tsirrai ke sha. Sai dai ba sa yawaita sai bayan mako 4 zuwa 6. Saboda haka wanda ya zuba ruwa da safe ya saki jatan lande da yamma, gaggawarsa ce za ta haifa masa nadama.

Awon ruwa ne ke nuna gubar, kuma ba shi da wuya. A ɗebi mililita 5 a 'yar kwalbar gwaji, a ɗiga maganin bisa adadin da aka rubuta, a girgiza, a dakata minti 5, sa'an nan a kara kwalbar da katin launuka wurin da ke da haske. A mafi yawan kayan awon amoniya, rawaya alamar lafiya ce. Da zarar ta soma karkata zuwa kore, to amoniya ta bayyana. Abin nema shi ne amoniya da nitirait su tsaya a sifili, nitireit kuma kada ya haura miligiram 20 a lita. Wajibi ne a haɗa da awon pH da na zafi, domin gwargwadon hawansu gwargwadon ƙaruwar dafin amoniya, abin da ya sa bazarar ƙasarmu ta fi hatsari, musamman in an ɗauke wuta matata ta tsaya.

In awo ya nuna ɓarna, a tsayar da abinci, a tsame mushe, a canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan sannu a hankali, domin canjin farat ɗaya yakan kashe jatan lande lokacin saɓa. Ruwan famfo sai an kashe kulorin ɗinsa tukuna, soson matata kuma a ɗauraye shi da ruwan akwatin kawai, kada a hallaka ƙwayoyin da ke hidima a cikinsa.

Duk wanda ya tsare rai a inda ba zai iya nema wa kansa mafita ba, ya ɗauki amana, kuma awo sau ɗaya a mako shi ne mafi ƙarancin haƙƙinta.