Mai Saye Daga Ƙetare: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Yauri Su Sani

Tun zamanin kakanni ƙasar Yauri ba baƙuwa ba ce ga ciniki da mutanen nesa. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro sun sha ƙetare Kwara ta wannan yanki, har Turawan nan biyu 'yan gida ɗaya, Richard da John Lander, sun sauka a Yauri cikin shekarar 1830. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da gonaki, aka tayar da mutane wajen 44,000 daga matsugunansu, amma kuma tabkin ya buɗe wa Sarkawa da Gungawa da sauran masunta wata sabuwar ƙofar arziki. Kifin banda da albasa daga Yelwa da Wara da Shanga suka ci gaba da gangarawa kasuwannin kudu.

A wancan ciniki na da, baƙo ba ya shiga kasuwa da ka. Yana da mai masauki wanda ya san shi, akwai dillali wanda ya san mai kaya, in aka yi bashi akwai wanda ya tsaya. Yau kuwa yaro zai ɗauki hoton tarwaɗar ubansa da waya ya sa a Facebook ko WhatsApp, kafin gari ya waye wani ya aiko da saƙo wai daga Ingila ko Dubai yake, yana son kwali hamsin. Babu mai masauki, babu dillali, babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa. To, wannan giɓi shi ne muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa a kansa, domin ta nan ne mazambata ke shigowa.

Mu ɗauki misali. A ce wani mai bandar kifi ya yi ciniki da irin wannan baƙo a kan naira 400,000. Ba a yi tayi ba, ba a yi albarka ba, nan take baƙon ya ce ya saya. Jim kaɗan sai ga hoton takardar banki, ko saƙon waya mai kama da na banki, yana nuna an turo naira 550,000. Sai baƙon ya kira cikin ladabi ya ce kuskure aka yi, don Allah a tura rarar 150,000 ga wakilinsa mai ɗaukar kaya, kuma a yi sauri don jirgi zai tashi. Mai kifi, saboda gudun cin haƙƙin wani, ya tura daga aljihunsa. Sai ya je banki ya tarar ko kwabo bai shigo ba. Abin baƙin ciki a nan shi ne, da amanar mutum aka yi masa tarko.

Akwai wasu hanyoyin kuma. Wani zai ce sai ka biya kuɗin rajista ko na wata takardar izini a hannun wani ofishi da shi ne ya ba ka lambarsa, sa'an nan kuɗinka su fito. Wani zai nemi lambar BVN ɗinka da lambobin sirri da banki ke aiko maka, wai don ya tabbatar da asusunka, alhali kwashe shi zai yi. Wani zai biya da katin sata, kaya su tafi, daga baya mai katin ya kai ƙara a janye kuɗin. Mafi muni shi ne wanda zai turo kuɗi na gaske masu yawa ya ce ka cire ladanka ka miƙa sauran ga wani. Sau da yawa kuɗin zamba ne ake wankewa ta asusunka, ranar da Hukumar EFCC ta biyo sawu kuwa sunanka za ta tarar, ba nasa ba. Dokar zamba ta 2006 da dokar laifuffukan intanet ta 2015 duk sun tanadi hukunci a kan irin waɗannan ayyuka.

Malamanmu ba su ga intanet ba, amma sun san ciniki tsakanin mutanen da ba sa ganin juna, sun kuma yi masa ƙa'ida. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabar Malikiyya ya halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa. Ya kuma san cinikin salam, wato mai saye ya ba da kuɗi tun farko, mai kaya ya kawo kaya daga baya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna irin wannan ciniki a kan 'ya'yan itatuwa, bai hana su ba, sai ya umurce su da su bayyana mudu da nauyi da lokaci. Sharaɗin salam shi ne a karɓi kuɗin, Malikiyya ba su yarda a sharɗanta jinkirin da ya wuce kwana uku ba, don kada ya zama an sayar da bashi da bashi. Hoton rasit ba karɓar kuɗi ba ne. Malamai kan ba da misalin cinikin garari da sayar da kifin da ke cikin ruwa, kuma masunci ya fi kowa sanin cewa kifin da bai shiga kwalekwale ba ba nasa ba ne. Haka kuɗin da ba ka gan su a asusunka ba.

Bugu da ƙari, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Aya ta 6 a Suratul Hujurat kuwa ta hore mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Saboda haka wanda ya ce wa baƙo ya dakata sai ya bincika, bai munana zato ba, umurni ya bi.

Binciken kuwa ba shi da wuya. Fitar da kaya waje yana da hanyarsa sananniya: mutum ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, wato NEPC, wadda aka kafa a 1976, ya cika takardar NXP ta hannun bankinsa, kayan abinci kuma su bi ta hannun hukumomin da ke duba lafiyarsu, irin su NAFDAC. Ƙasashen ma suna da nasu sharuɗɗa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari, a 2018 kuma Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗa da danginta daga ƙasar nan. Ɗan kasuwa na gaske ya san waɗannan, zai yi tambaya a kan takardu da nauyi da yadda aka busar da kifi, zai kuma ja farashi. Wanda bai tambayi komai ba sai lambar asusu, ba kifi ya zo saye ba.

Don haka muna ba da shawara kamar haka. Kada kaya su bar rumfa sai ka tabbatar daga bankinka da kanka cewa kuɗi sun zauna. Kada ka tura wa mai saye ko wakilinsa ko sisi, domin mai sayarwa karɓa yake yi. In an ce an turo rara, ka ce banki ya mayar da kuɗin duka inda suka fito. Kada ka ba kowa lambar sirri. A rubuta iri da nauyi da farashi da ranar kai kaya da wanda zai ɗauki kuɗin dako. In cinikin babba ne a nemi takardar lamunin banki. A fara da kaɗan, a kuma nemi wani ɗan'uwa sananne a ƙasar mai sayen ya je ya gan shi ido da ido, ya zama shi ne mai masaukin wannan zamani. Ƙungiyoyin masunta da na 'yan albasa za su iya ɗaukar wannan nauyi a madadin 'ya'yansu.

Daga ƙarshe, amana ba a kan mai saye kaɗai take ba. Wanda ya nuna hoton kifi mai kyau ya cika ƙasan kwali da ruɓaɓɓe, ko ya fesa masa maganin ƙwari ya yi shiru, ko ya karɓi kuɗin wani ɗan'uwa mazaunin ƙetare ya kashe waya, shi ma mazambaci ne, ya kuma toshe hanya ga masu gaskiya da ke bayansa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga cuta da cutarwa, amin.